Kar ka tambaye su "ya kuka ga shafin?": yadda ake karɓar gyaran landin fej daga jama'a

Watannin baya na haɗa wa Goggona shafin da za ta riƙa tallata turaren wuta da humra. A nan Gombe take, cikin gida take sana'arta, amma oda har daga Kumo da Bajoga tana zuwa mata ta bakin mutane. Kwana huɗu na yi a kan shafin nan ba barcin kirki, na sa hotuna masu juyawa da kansu, rubutu ruwan gwal a kan baƙi, ni dai a raina na gama da kowa. Na jefa linkin a guruf ɗin dangi na ce dan Allah a duba a faɗa min ya aka gani. Kafin minti goma na sha Masha Allah har na ƙoshi, wani ya turo hoton wuta guda uku, wata ta ce "Allah ya sa albarka, ya yi kyau sosai wallahi". Bayan sati biyu Goggo ta kira ni: "Kai ɗan nan, abin nan naka fa har yau ba wanda ya yi min magana ta cikinsa."

Daga baya na gane ba laifin dangi ba ne, tambayar tawa ce ba ta da kai. Ka dai san mu da kara, Hausawa da Fulani duk ɗaya. Ka nuna wa mutum abin da ka yi da hannunka, kana tsaye a kansa kana murmushi, sannan ka ce ya faɗi aibinsa? Ba zai faɗa ba, balle a guruf ɗin da surukai suke ciki. Bakin mutanenmu zai yaba maka ko me ka yi, amma babban yatsansu a kan sikirin bai san kara ba, to shi za mu bi.

Ga wanda bai sani ba, landin fej shi ne shafin da mutum yake faɗawa in ya taɓa linkin tallarka a Facebook ko a sitatus ɗin WhatsApp. Ka ɗauke shi kamar zaure. Ba ɗakin amarya ba ne da za a jera komai da komai, wuri ne da baƙo zai yi sallama, a amsa masa, a ji me ke tafe da shi.

Mataki na farko: me kake so baƙon ya yi?

Kafin ka nuna wa kowa, ɗauki biro ka rubuta abu ɗaya tak da kake so wanda ya shigo ya yi. Ɗaya fa. Na Goggo shi ne "ta taɓa maɓalli ta yi mana magana a WhatsApp". In makarantar koyon kwamfuta ce a Tumfure, wataƙila "ya cike fom ɗin rajista". In ka kasa rubuta wannan layin to ba jama'a kake buƙata ba tukuna, zama da mai kayan kake buƙata. A shafina na farko akwai maɓallin Instagram, na Facebook, na TikTok, na "game da mu", na kira, na WhatsApp, duk girmansu ɗaya, kuma dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Mataki na biyu: mutum biyar, amma su waye?

Ba sai ka tara gari ba. Akwai wani masanin harkar mai suna Jakob Nielsen da ya yi rubutu a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana fito da wajen kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi, don daga na uku na huɗu za ka ga tuntuɓe ɗaya suke ta maimaitawa. Shawararsa ita ce gara ka yi gwaji ƙanana sau uku da ka yi babba sau ɗaya. Na jarraba, haka ɗin ne.

Inda aikin yake shi ne zaɓen biyar ɗin. Cire mahaifiyarka, cire matarka, cire duk wanda kake bi ko yake bin ka bashi. Cire abokanka masu dizain, ba don ba su iya ba, sai don su kala da salon rubutu za su kama, su yi ta musu a kan abin da mai saye ko lura ba zai yi da shi ba. Kana son irin mutumin da da gaske zai iya cire kuɗi ya sayi kayan. Su kuma duba a wayarsu, ba a taka ba, ba a laftof ba. Yawancin kwastomominmu Tecno ne da Infinix da Itel a hannunsu, wata sikirin ɗin ya tsage, wata memori ya cika da bidiyon biki, data kuma ana lallaɓa ta. Ka tabbata cikin biyar ɗin akwai mai tsohuwar waya, akwai wanda karatun Turanci yake ba shi wahala, akwai kuma wanda ya haura shekara arba'in da biyar don ido ya fara canzawa.

Ni matsalar da na ci karo da ita, masu sayen humra matan aure ne a cikin gidaje, ba zan shiga in zauna kusa da matar mutane ina leƙen wayarta ba. Sai na tura ƙanwata, na rubuta mata abin da za ta ce da abin da za ta lura da shi. Ashe ma alheri ne, don ita tana iya cewa "ba ni na yi ba, ku kushe shi son ranku" kuma gaskiya ta faɗa. Wasu masu haɗa shafi sukan yi ƙaryar cewa ba nasu ba ne don a saki baki, ni dai ban ga dalilin ƙarya ba tunda aike ya wadatar.

Mataki na uku: daƙiƙa biyar

Wannan ba ya cin lokaci. A buɗe shafin, a bari mutum ya kalla na daƙiƙa biyar, a kife wayar. Sai tambaya uku: me ake sayarwa a nan, a wane gari suke, in kina so me za ki taɓa? A namu mata biyu sun ce shafin kwalliyar amare ne, saboda hoton farko amarya ce da lalle, turaren yana can ƙasa sai ka ja. Babu wadda ta san a Gombe ake, don ban rubuta ba sam, ni da nake Gombe na ɗauka kowa ya sani. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan sana'ar mai ɗakin ya saba da ɗigar har ya daina jin ta.

Mataki na huɗu: ba da aiki, sai ka yi gum

Nan ne zuciyar abin, in ka tsallake sauran duka kar ka tsallake wannan.

Kar ka ce "duba shafin nan". Ba da labari da aiki, kamar haka: "Anti, a ce bikin ƙanwarki saura sati biyu, kina son turaren wuta kwalba biyu a kawo miki Pantami. Ga linkin, yi yadda za ki yi in ba na nan." Kafin ta fara ka gaya mata ba ita ake gwadawa ba, shafin ake gwadawa, in ta rikice laifin shafin ne. Wannan maganar tana da muhimmanci sosai don mutanenmu in sun kasa sai su ce "ai ni ban iya waya ba", su ɗora wa kansu. Ka roƙe ta ta riƙa faɗin abin da take tunani a fili, ko da "to ina kuɗin yake" ne.

Daga nan kuma sai ka rufe bakinka. Wallahi ya fi komai wuya. Za ka ga yatsanta yana shawagi a kan maɓallin da ka sha wahala a kansa, ta wuce shi, ta dawo, ta sake wucewa, kai kuma harshenka yana ƙaiƙayi ka ce "ga shi nan kore", to kar ka ce, don ranar da ainihin kwastoma za ta shigo daga Dukku ba ka wajen. In ta juyo ta ce "nan zan taɓa?" ka mayar mata: "Ke me kike ganin zai faru in kin taɓa?" In ta maƙale ta kai minti biyu sai ka ce ya isa, na gode, ka rubuta a inda ta tsaya.

Abin da za ka rubuta ba ra'ayinta ba ne, abin da ya faru ne. Ta jira shafin ya buɗe har ta ɗago kai ta kalle ka? Rubuta. Ta sa yatsu biyu ta buɗa rubutun? Ya yi ƙanana ke nan. Ta taɓa hoto tana zaton zai buɗe bai buɗe ba? Rubuta. Ta matsar da wayar daga hasken rana? Ta yi tsaki? Tsaki ɗaya ya fi min Masha Allah ashirin amfani. Ƙanwata ta dawo min da takarda da irin waɗannan: "ta nemi farashi ba ta gani ba ta ce ita ba ta son tambaya a raina ta", "ta ce ya za ta san ba 'yan damfara ba ne", "maɓallin ya kai ta WhatsApp amma ta tsaya ba ta san me za ta rubuta ba". Ukun nan babu wanda aka faɗa a guruf ɗin dangi.

Sai a ƙarshe ake tambayar baki, ita ma akwai yadda ake yin ta. Maimakon "me bai yi miki ba", wadda amsarta kullum "ba komai", ka ce: "In ƙawarki ta shigo nan ta fita ba ta saya ba, me kike ganin ya kore ta?" Ka ga ka ba ta wata ta laɓe a bayanta, sai ta faɗi nata ra'ayin da sunan ƙawa. In za ka je wajenta kar ka je hannu rabbana, kai mata ɗan kati ko 'yar kwalbar turare, ai ka cinye mata lokaci da data.

Mataki na biyar: in dole sai guruf

Guruf yana da amfaninsa, musamman na 'yan sana'a ko na tsofaffin ɗalibai, amma ka san halinsa: duk abin da babba ya fara faɗa shi sauran za su bi. In Alhaji ya ce ya yi kyau, magana ta ƙare, ba yaron da zai zo a ƙasa ya ce a'a. Don haka kar ka buɗe ƙofa haka kawai. Tura sikirinshot biyu, na ɗaya da na biyu, ka yi tambaya guda: wanne ne ya fi saurin nuna muku kuɗin kaya? WhatsApp yana da wajen ƙuri'a tun 2022, yi amfani da shi, sai dai ka sani ana ganin wanda ya zaɓi me, don haka in abin na jin nauyi ne gara Google Forms ba tare da neman suna ba, tambaya uku kar ta wuce. Ka kuma ce duk mai gyara ya biyo ka ta gefe da saƙon murya. Mutanenmu sun fi sakin jiki a murya, wanda zai rubuta maka "yayi" kawai zai iya yi maka bayanin minti biyu in magana ce.

Mataki na shida: tankaɗe

Yanzu ka tara magana, wata tsaba wata dusa. Ni kashi uku nake yi. Abin da ya hana mutum kammala aikin, wannan yau za a gyara. Abin da ya ba shi wahala amma ya wuce, wannan cikin sati. Sai son rai, irin "ni dai na fi son shuɗi", wannan ka yi godiya ka ajiye, sai in mutum uku da ba su san juna ba sun faɗi abu ɗaya.

Ka kuma lura, jama'a sun iya nuna inda ke ciwo amma ba lallai su san magani ba. Wani ya ce min in ƙara girman komai. Da na bi diddigi, ba girma ba ne matsalar, ruwan gwal a kan baƙi ne ba ya karantuwa a tsakar gida da rana. Akwai ƙa'idar da masu harkar suke bi ta WCAG, wadda ta ce bambancin hasken rubutu da bangonsa ya kai 4.5 a kan 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma akwai shafuka kyauta da za ka zuba kalolin biyu su auna maka. Amma ko ba ka auna ba, fita waje da azahar ka gwada karantawa, ranar Gombe za ta ba ka amsa.

Mataki na bakwai: gyare-gyaren da kusan kullum suke fitowa

Nauyi shi ne na farko. Hotunan da Goggo ta turo min kai tsaye daga kyamara na ɗora, kowanne ya haura megabayit uku, guda takwas. Google sun fitar da alƙaluma a 2016 cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga ta waya suna ficewa in shafi ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba, to ina ga wanda ke Deba netwok yana zuwa yana ɗaukewa, ga shi tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data. Ka matse hotunan da shafukan rage nauyin hoto irin su Squoosh ko TinyPNG, ka mayar da su WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, ni ina ƙoƙarin kowanne ya tsaya wajen kilobayit 100. Hotuna masu juyawa da bidiyo mai kunna kansa, cire. Sai ka zuba linkin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewa, ka duba ɓangaren waya, abin da ake so babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Saman shafi ya faɗi abu uku kafin a ja ƙasa: mene ne, a ina, me zan taɓa. Namu ya koma "Turaren wuta da humra, haɗin gida a Gombe. Muna aikawa Bauchi da Yola ta tasha." Ƙarƙashinsa maɓalli ɗaya kore, babba yadda babban yatsa ba zai kuskure ba, Google suna ba da shawarar kar ya gaza fiksel 48 (fiksel shi ne ma'aunin girma a sikirin), rubutun jiki kuma fiksel 16. A kan maɓallin kar ka rubuta kalmar Turanci guda, rubuta abin da zai faru: "Yi mana magana a WhatsApp".

Ita kuwa wadda ta tsaya ba ta san me za ta rubuta ba, maganinta mai sauƙi ne. Linkin WhatsApp ana haɗa shi da wa.me/ sai 234 sai lambar ba tare da sifilin farko ba, in ka ƙara ?text= a ƙarshe kana iya sa saƙon da zai fito a rubuce, ita turawa kawai za ta yi. Namu "Assalamu alaikum, ina son ganin turaren wuta" ne. Ka gwada shi daga cikin Facebook ma, don linki a can yana buɗewa ne a burauzar cikin manhajar, wani lokacin halinsa daban da na Chrome, haka ma Opera Mini.

In da Hausa ka yi shafin, duba ƙ da ɗ da ɓ a waya biyu uku. Wasu salon rubutun na gayu ba su da su, sai ka ga harafin ya fito da wata kama daban a tsakiyar kalma ko ya zama akwati. Salon rubutun Noto Sans yana da su duka.

Sai maganar yarda, wadda ita ce babba a wajenmu tunda kowa ya san wanda aka taɓa cinye wa kuɗi a intanet. Hoton kaya na gaske a hannun mutum ya fi wanda aka ɗauko a Google. Faɗi unguwa, faɗi yadda ake karɓar kaya, faɗi sunan da zai fito in an zo tiransifa don kar mutum ya ga wani suna daban gabansa ya faɗi. In za ka sa sikirinshot ɗin yabon kwastoma, nemi izininta ka goge suna da lamba.

Mataki na takwas: bar na'ura ta taya ka kallo

Bayan ka gyara, akwai Microsoft Clarity, kyauta ne, kana liƙa ɗan kod a shafin ya riƙa nuna maka inda ake yawan taɓawa, iya inda ake ja a tsaya, har da yadda mutum ya yi yawo a shafin. Yana nuna abin da ya faru amma ba ya faɗin dalili, dalilin sai wajen mutum. Tunda kuma bayanan jama'a ne, akwai dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, ka rubuta a ƙasan shafi cewa kana amfani da irin wannan, kar kuma ka nemi abin da ba ka buƙata a fom. Suna da lambar waya sun isa, me za ka yi da ranar haihuwar mai sayen humra?

Masu cewa ka raba baƙi gida biyu, rabi su ga wannan dizain rabi su ga wancan, gaskiya ne ana yi, amma sai mai dubban baƙi. In mutum talatin ne suke shigo maka a sati, sakamakon bai fi jefa kwabo ba. Ka dai canza abu ɗaya, ka ƙirga saƙonnin da suka shigo a sati biyu, ka kwatanta da na baya, kana tuna cewa lokacin Sallah da ƙarshen wata ba ɗaya suke da tsakiyar wata ba.

Mataki na tara: sake zagaye

Nemi sababbin mutum biyar, don na farko sun riga sun san hanya. Su kuma na farkon ka koma ka nuna musu: "Anti, kin ga abin da kika faɗa an gyara." Ranar da za ka sake nema da gudu za su amsa, har su fara turo maka gyara ba ka tambaya ba.

Abu ɗaya ne har yanzu ba mu daidaita da Goggo ba, farashi. Mata uku cikin biyar sun neme shi, na kai mata maganar, ta ce sam, ita ba za ta baje kuɗinta a fili masu irin sana'arta su gani su karya ba, kuma kayan haɗi kullum tashi suke, sannan ai ciniki da baki ake yi. Na ce Goggo wadda ke jin nauyin tambaya fa ba za ta zo cinikin ba ma. Muka yi ta ja har aka kira la'asar. Da ƙyar ta yarda a rubuta kuɗin ƙaramar kwalba kaɗai, a ce "daga kaza", manyan kuma sai an yi magana, da sharaɗin duk ranar da ta je kasuwa ta ga abu ya tashi zan canza mata a ranar. Jiya ma ta kira ni tun kafin in karya.